Kirim ɗin girki na kwali: yadda na same shi a miyar talotalo

Kirim ɗin girki, wato madara mai kauri da yawan maiƙo, wanda ake sayarwa a ɗan kwali mai mililita 200, tsada gare shi, kuma a nan Kano sai kin shiga manyan kantuna za ki same shi, su ma ba kullum ba. Duk da haka, in dai farar miya mai kauri kike so, wadda za ta zauna a kan wuta ba ta tsinke ba, ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba cikin kayan da muka saba ajiyewa a kicin. Tun shigowar hunturu nake amfani da shi a miyar talotalo da naman kaza, wato lemar kwaɗi irin wadda ake nomawa don ci, kuma da wannan girkin zan auna shi.

Girkin dai ba namu ba ne. A Amurka ya fi yawa, inda suke gasa talotalo ɗungurungum a bikinsu na godiya, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, sai nama ya yi saura, washegari a yayyaga shi a zuba cikin farar miya a ci da taliya. Su da dafaffen nama suke farawa, shi ya sa za ki ji ana cewa girkin minti ashirin ne. Mu da za mu fara da ɗanye, kuma talotalon gida mai tauri, kada ki yarda da wannan lissafin.

Abin da ke ɓata farar miya shi ne tsinkewa. Madara in ta haɗu da zafi mai yawa ko da tsami, sai ta rabu, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda, kamar waken awara da aka zuba wa ruwan tsami. Abin da ke kare ta shi ne maiƙo. Kirim ɗin da na saya an rubuta a jikinsa maiƙonsa kashi 20 cikin ɗari ne, an kuma saka masa ɗan sitaci da sinadarin da ke riƙe shi. Madarar gwangwani da muke shan shayi da ita maiƙonta bai kai kashi 10 ba. Bambancin ke nan, kuma a tukunya ake ganinsa: na bar miyar tana ɗan ɓararraka a ƙaramar wuta wajen minti goma, na sauke, na matsa lemon tsami, ta tsaya sumul, tana bin bayan cokali.

Na san za a ce ai madarar gwangwani ma tana yi in an soya fulawa da bota tukuna. Tana yi, ni ma da ita na saba. Amma tana da wani ɗan zaƙi na dafaffiyar madara da ba ya ɓuya, kina cin nama kina jin ƙamshin shayi. Sannan kaurin fulawa daban ne, da ta huce sai ta yi yana a sama ta daskare. Kindirmo kuwa, duk son da nake masa, bai dace da nan ba. Da tsaminsa yake zuwa, yana taɓa zafi yake rabuwa.

Ga yadda nake yi. Cinyar talotalo nake so, kamar giram 700 bayan an cire ƙashi. Ƙirji fari ne, yana da kyan gani a faranti, amma ba maiƙo a jikinsa, kafin ki ankara ya bushe yana kama haƙori. Ƙasusuwan nake fara tafasawa da albasa, citta, tafarnuwa da ɗan gishiri, in jefa naman a ciki ya yi kamar minti arba'in, wani lokaci har awa guda idan tsohon tsuntsu ne. Romon nan kada ki zubar, rabin daɗin miyar a cikinsa yake. In naman ya yi laushi sai in tsame, in yanka ƙanana, in soya sama-sama a bota har ya yi ja. A kwanon da na soya naman nake soya lemar, sannan albasa biyu yankan ƙanana, tafarnuwa, masoro, tayim da rabin attarugu. In zuba romo kofi ɗaya, in kankare abin da ya kama a gindin kwano, ya tafasa ya ragu. Kirim shi ne na ƙarshe, bayan na rage wuta, kwali ɗaya ya isa mutum huɗu ko biyar.

Masu girkin na asali farar giya suke zubawa a daidai inda na zuba romo. Ɗan tsamin da suke nema a cikinta, lemon tsami yana bayarwa, kuma a nan ne kirim ɗin ya biya kuɗinsa, domin madarar gwangwani ba ta jure lemon.

Inda na fi samun takaici ba a kirim ba ne, a lemar gwangwani ne. Ita ce aka fi samu a kantuna, amma kusan rabin nauyin gwangwanin ruwan gishiri ne, kuma in kika juye ta haka nan cikin miya, roba za ki yi ta tauna, ba ƙamshi ba komai. Sai an wanke ta, an tsane, an goge da tsumma mai tsabta, an baza a kwano mai zafi sosai ba tare da juyawa ba har gefenta ya yi ja, sannan take zama abin ci. Ɗanyar ta fi ta nesa ba kusa ba, musamman mai faɗin nan da ake nomawa a kan garin katako, wadda wata ƙawata take kawo min in ta zo daga Abuja. Ita ma kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, don haka kada ki cika kwano da ita, in ba haka ba dahuwa za ta yi maimakon suya. Wadda ke fitowa da kanta a gindin itace da damina kuwa, a bar ta a inda take. Akwai masu dafi da ke kashe hanta, kuma ido bai isa ya bambance su ba.

Shi ma kirim ɗin yana da nasa. Na farko, kwalayen sun yi kama da juna a kan kanta, sai kin tsaya kin karanta. Akwai na kwalliyar kek, mai sukari, wanda in ya shiga miyarki an gama. Akwai kuma wanda ba na madarar shanu ba ne, man itatuwa ne aka sarrafa, ya fi araha kuma ba ya tsinkewa, amma yana barin wani danƙo a dasashi bayan an gama ci, ni dai bai kwanta min ba. Ki duba jerin kayan haɗin kuma ko akwai jelatin, sinadarin kauri da ake samu daga ƙashi da fatar dabba, tunda ba kullum ake faɗar daga wace dabba aka samo shi ba. In akwai tambarin halal, hankali ya fi kwanciya.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Kafin a buɗe, kwalin yana iya yin watanni, saboda an dafa kirim ɗin da zafi mai tsanani kafin a like. Da zarar an yanke baki, sai firij, kuma kwana uku aka rubuta a jikin nawa. Babban kwali mai lita ɗaya ya fi sauƙi in aka yi lissafi, amma a unguwar da za a ɗauke wuta tun safe sai dare, asara za ki saya. Daskarar da shi ma ba mafita ba ce, in ya narke yakan yi tsaki-tsaki. Ƙananan nake ɗauka, in buɗe in juye gaba ɗaya. Duk kwalin da kika ga ya kumbura, mayar da shi.

Batun naman, ni mai rai nake saya wajen 'yan kaji a yanka a gabana. Daskararren da ake sayarwa a kilo, yawancinsa ta kan iyaka yake shigowa duk da gwamnati ta daɗe da hana shigo da shi, ba ki san yankan wa ba ne, ba ki san sau nawa ya narke ya sake daskarewa a hanya ba. Sai dai a guji sayen mai rai a Disamba, lokacin Kirsimeti kuɗinsa tashi yake. Tsuntsu ɗaya babba ne, cinya ɗaya ta ishi wannan miyar, sauran ya tafi farfesu da suya.

Da farar shinkafa muka fi ci, ko dankalin Turawa na Jos da nake samowa a kasuwar Yankaba, a dafa a murƙushe da bota. Yara suna sonta da taliya. Maigida bai taɓa cinye faranti ba sai da yaji a gefe, ya ce miyar da ba ja a cikinta ta marasa lafiya ce, kuma ban yi masa musu ba, domin harshen da ya saba da daddawa da attarugu zai ji ta lami a cokalin farko. Tana da nauyi kuma, abincin daren sanyi ce, ba wadda za a ci da zafin Afrilu ba.

In ta kwana a firij takan yi kauri sosai. Ki ɗumama a ƙaramar wuta da cokali biyu ko uku na romo ko ruwa, kina juyawa har naman ya yi zafi ciki da waje. A nan ma kirim ɗin bai tsinke min ba, amma sau ɗaya kawai nake ɗumamawa, don haka iya wadda za a ci nake ɗiba.