Injin ƙyanƙyasar nan ya iya ɗari, bai iya bazarar Damagaram ba

Masu tambayata ko ƙaramin injin ƙyanƙyasar nan da ake kawowa daga Kano ya ci kuɗinsa, ga amsa a wuri guda in huta. Na robar nan nake nufi, mai cin kuran (wutar lantarki) da batir, mai juya ƙwai da kansa. Wurin wani mai sayarwa ake saye, kuma ba ƙananan kuɗi yake yankar mutum ba.

Ba don kajin gida na saye shi ba, su ba su buƙatar inji. Kajin Sebright ne suka sa ni, ƴan ƙananan nan masu ruwan zinariya, kowane gashi da baƙin zane a gefensa, waɗanda Sir John Sebright ya fitar a Ingila a farkon shekarun 1800. Zakaran bai kai kilo ɗaya ba, ba shi da dogon gashin wutsiya, sai ya yi cara ka san namiji ne. Kyau kam ba magana. Amma macen ba ta damu da kwanci ba, ta saka ƙwai ta kama gabanta. Ina da kajin Silkie, masu yatsu biyar da baƙar fata, su ko dutse ka ajiye musu sai su kwanta a kai, sai dai jikinsu ƙarami ne, ƙwai kaɗan suke rufewa, kuma in sun shiga kwanci sun daina saka nasu.

Cikin ɗari na fara aiki da shi, kuma wallahi ya burge ni. Zafi ya tsaya a digiri 37.5 bai motsa ba. In kuran ya ɗauke yana komawa batir ba tare da an taɓa shi ba, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da kawai ya dame ni shi ne ƴar tasar ruwan da ke ƙasa, iskar hunturu na shanye ta kafin gari ya waye, sai da na ƙara soso jiƙaƙƙe, musamman daga kwana na 18 da ake daina juyi ana ƙara laima. Ƴan tsaki suka fara fasowa tun kwana na 20, na 21 an gama. Har mutum biyu na tura suka saya a kan maganata, Allah ya sa su yafe mini.

Sai bazara ta shigo. Na tara ƙwan Sebright mafi kyau da na taɓa samu, har da wanda na roƙo wurin wani aboki a unguwar Birni don jinin ya bambanta. Kwana 10 na haska su da tocila cikin duhu, jijiyoyi raɗau, mafi yawansu da rai. Duk wanda ya yi kiwon Sebright ya san ƙwansu na yawan fitowa ba zakara, don haka murna ta cika ni. Daga nan zafin Afirilu ya kankama. Injin nan ɗumamawa kawai ya iya, ba shi da abin sanyaya kansa. Waje ya haura 40, ɗakin kwano ya fi haka, injin ya kashe wutarsa amma lambar ta ci gaba da hawa, 39, 40, har ta wuce. Tun daga azahar yake kuka, ƙi-ƙi-ƙi, sai bayan la'asar sakaliya yake shiru. Mai ɗakina ta ce ko in fitar da shi ko ita ta fita. Na mayar da shi tsohon ɗakin ƙasa kusa da randa, na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, a lokacin da ruwan sha ma sai an bi ƴan garuwa da lallashi. Ya sauka kaɗan. Ashe an riga an yi ɓarnar.

Kwana 21 shiru, 22 shiru. Da na fasa, ba baragurbi ba ne, ƴan tsaki ne cikakku da gashinsu, sun dahu cikin ɓawo kamar an turara su. Ƴan kaɗan da suka fito ƙafafunsu a karkace, ba su yi mako ba.

Na kira mai kayan. Ya ce, "Alhaji, ai ƙwan naka ne ba zakara." Na tura masa hoto, na ce, "Malam, dubi wannan, ƙwan da ba zakara ne ke yin baki da ƙafa?" Ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya so. Haka ne, amma da ya ce mini tun ranar ciniki kada in kunna shi a bazara, ai da na ji. Takardar da ke cikin kwalin ma ba Faransanci ko kalma ɗaya.

Da damina ta sauka na sake gwadawa, ya yi aiki lafiya lau, don haka ba zan ce kayan banza ne ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ku saya, ku kunna, za ku ji daɗinsa. Sai dai kada ku yarda da lambar laimar da yake nunawa, na sa wani ma'auni a ciki na ga sun yi hannun riga. Kuma sandunan juyin an yi su ne don manyan ƙwai, ƙananan namu sai su tattaru a kusurwa ɗaya, kullum sai ka buɗe ka gyara.

Ƙwan bazarar bana ƙarƙashin Silkie za su shiga, sauran in ba durgun maƙwabciyata. Shi kuwa mai kayan har jiya na ga ya sa tallarsa a WhatsApp, wai yana aiki rani da damina. Na rubuta masa a ƙasa, ya goge.