Daimon na Ƙasa da na Ɗakin Gwaji: Ina Bambancin?

Duka biyun daimon ne na gaske: kabon zalla, taurinsu 10 a ma'aunin Mohs, wato mataki mafi girma a ma'aunin taurin ma'adanai. Na ƙasa galibi ya yi shekaru sama da biliyan ɗaya kafin a haƙo shi. Na ɗakin gwaji kuwa cikin makonni ake haɗa shi, ko da matsi da zafi mai tsanani, ko da iskar gas mai kabon.

Arha ce ke jan masu saye, don kuɗin ƙaramin na ƙasa zai saya maka babban na ɗakin gwaji. Sai dai in ka zo sayarwa, darajarsa ta zube ƙwarai.

Ido ba ya bambance su, haka ma ƙaramar na'urar gwajin shago. Don gane bambancin, nemi takardar shaidar GIA ko IGI, cibiyoyin da ke tantance duwatsu masu daraja, ka duba lambar da aka zana da leza a gefen dutsen ta madubin ƙara girma.