Gargaɗi ga masu yin odar batirin sola daga Chaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 janareta ya gagari talaka, kowa ya koma neman batir da inbata. Ciniki ya buɗe, 'yan damfara ma sun biyo ƙamshinsa. Akwai wasu da ke kiran kansu ejan, suna cewa a birnin Guangzhou na Chaina suke zaune, suna talla a WhatsApp da TikTok. Maganarsu ɗaya ce: batirin lithium mai 51.2V 100Ah a farashin da ko masana'anta ba ta sayarwa haka, su kawo maka har Kano, kuma babu ruwanka da takarda.

Wani abokin sana'ata da muka daɗe tare a kasuwa ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu. Ya biya kuɗin kaya duka. Bayan makonni aka ce masa an tsare kwantena a tashar jirgin ruwa tun kafin ta bar Chaina, sai ya turo kuɗin tara. Ya tura. Daga ranar lambar ta daina shiga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwantenar ta haɗaka ce, akwai kayan wasu 'yan kasuwa da ba su san hawa ba su san sauka ba, duk suka maƙale tare.

Ga inda arahar take fitowa. A dokar sufuri ta duniya batirin lithium kaya ne mai haɗari, aji na 9. Idan shi kaɗai ne lambarsa UN3480, idan yana cikin na'ura ko tare da ita UN3481. Sai an shirya shi a kwali na musamman, an manna masa alama, an sanar da kamfanin jirgi, kuma kuɗin dakonsa ya fi na sauran kaya. Su waɗannan mutane sai su rubuta fitilu ko kayan gida a takarda, su biya dakon kayan yau da kullum. In an gano, wanda sunansa ke kan takardun shi ke shan wahala.

Kada wani ya ɗauka dokar son kuɗi ce kawai. A Satumbar 2010 jirgin saman dakon kaya na kamfanin UPS ya kama da wuta bayan tashinsa daga Dubai, ya faɗi, matuƙansa biyu suka mutu, kuma bincike ya danganta wutar da baturan lithium da ke ciki. Tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukar irin wannan batir shi kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja, a jirgin kaya ma cajinsa kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Saboda haka duk ejan da ya ce zai turo maka batir a jirgin sama yadda ake turo atamfa da takalma, ko dai ƙarya yake yi maka, ko kuma rayukan mutane yake wasa da su.

Sai maganar takardun bogi, a nan ne ake kama har masu wayo. In ka matsa, za su turo maka takardar UN38.3 mai tambari da sa hannu. Wannan gwaji ne na gaske, matakai 8 ne, ana jijjiga batir, a sa shi a zafi da sanyi, a yi masa caji fiye da ƙima, a ga ko zai fashe. Amma takardar ta samfuri ɗaya ce tak. Su kuwa sai su ɗauko ta wani batir su canja suna da kwamfuta. Tun Janairun 2020 wajibi ne masana'anta ta ba da taƙaitaccen rahoton gwajin ga wanda ya nema. Ka duba lambar samfurin, nauyinsa da ƙarfinsa, ko sun yi daidai da abin da ke jikin batirin da za ka saya. Akwai sunan ɗakin gwajin da adireshinsa a ciki, ka rubuta musu da lambar rahoton ka tambaya. Kada kuma a ruɗe ka da MSDS, bayanin sinadarai ne kawai, ba shaidar cin gwaji ba ce.

Mu a Najeriya akwai SONCAP, wato tsarin hukumar SON na tantance ingancin kayan da ake shigowa da su. Da takardarsu ta shaidar samfurin ake buɗe Form M, takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki, kuma ana gama wannan tun kafin a yi lodi a Chaina. Wanda ya ce maka ka bari kaya su iso Apapa yana da mutum a kwastam, ka riƙe kuɗinka.

Ko kayan sun iso, ka sa su a sikeli kafin ka yi murna. Batir mai 51.2V ƙwayoyi 16 ne a ciki, kowace 3.2V, kuma ƙwayar 100Ah tana kusan kilo 2. Da akwatin ƙarfe da sauran tarkace ya kamata ya haura kilo 40. In yaron shago ya ɗaga shi da hannu ɗaya, akwai magana. Wasu tsofaffin ƙwayoyi suke sa wa sabuwar riga bayan sun kankare lambar da ke kansu, wata biyu a gidan kwastoma sai ya dawo maka da shi, kai ne kuma zai kira maci amana.

Ni dai yanzu ba na tura ko sisi asusun mutum, sai na kamfani, kuma sunan ya zama shi ne a kan takardar ciniki. Kafin alƙalami kawai nake bayarwa, cikon sai wani da na yarda da shi ya je ya ga kayan da idonsa, ya ɗauko mini hoton alamar aji na 9 a jikin kwalayen.