GARGAƊI: Mai tallar rubuta waƙoƙin Hausa cikin ABC ya cinye mana riyal 750

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu buga LOTRO (wasan kwamfuta na intanet, The Lord of the Rings Online) da ke Jidda da Makka da Madina.

Akwai wani mutum da yake yawo a gurup-gurup na WhatsApp da Telegram yana tallar cewa yana rubuta waƙoƙin Hausa cikin rubutun ABC, wato rubuta sautukan kiɗa da haruffa, don a kaɗa su a cikin wasan, wai da kunnensa yake ɗauka, sauti bayan sauti. Ƙarya yake yi. Ya karɓi riyal 750 daga hannunmu, mu shida, abin da ya ba mu kuma ko riyal 5 bai kai ba. Ban rubuta sunansa ba domin sunan ma ba nasa ba ne, ya canza shi sau uku cikin wata guda. Salon maganarsa da tsarin damfararsa ne ba sa canzawa, su za ku lura da su.

Kafin wani ya ce mun yi sakaci, a fahimci abin da ya sa mutum zai biya kuɗi a kan wannan aiki. Waƙoƙin waje suna da fayil ɗin MIDI, wato fayil mai ɗauke da jerin sautukan waƙa, birjik a intanet. Ka sauko da shi, ka sa a Maestro, manhajar da ke juya MIDI zuwa ABC, wadda kyauta ce, ka raba wa kowane kayan kiɗa kasonsa, ka fitar da ABC, halas. Amma kiɗan goge da garaya da kalangu babu wanda ya zauna ya yi musu MIDI ya ajiye mana. Dole sai mutum ya sa abin ji a kunne, ya rage saurin waƙar, ya yi ta maimaita daƙiƙa biyar-biyar yana lalubo kowane sauti. Waƙar minti huɗu mai kaso huɗu tana cin kwanaki. Saboda haka da ya ce riyal 60 kowace waƙa, waƙa goma riyal 600, ba farashin wawa ba ne. Farashi ne mai sauƙi ma ga wanda zai yi aikin da gaske.

Kuma na yi masa tambayoyi. Wallahi na yi. Na tambaye shi iyakar sautin kayan kiɗa a wasan, ya ce hawa uku, daga C mai waƙafi har zuwa ƙaramin c mai ɗigon sama, sauti 37. Daidai. Na tambaye shi sauti nawa kaso ɗaya zai iya bugawa a lokaci guda, ya ce shida. Daidai. Na ce wane kayan kiɗa zai ɗauki ƙasan kiɗan, ya ce Theorbo, domin tana sauka hawa ɗaya ƙasa da Lute (dukansu kayan kiɗa ne masu tsarkiya a wasan). Wannan ma daidai. Sai ya turo saƙon murya da Hausa tsantsa, yana cewa, “Alhaji, ni ɗan'uwanka ne, a nan Misfala nake zaune, kusa da Harami, ba zan ci haƙƙinka a wannan gari ba.” Bayan saƙon ya turo bidiyo na daƙiƙa 40, wani yana tsaye a Bree, wani gari a cikin wasan, da Lute yana kaɗa kiɗa irin na goge, tsaf, ba tuntuɓe. Wannan saƙon muryar na saurare shi ya fi sau talatin tun bayan da abin ya faru. “Ba zan ci haƙƙinka a wannan gari ba.” A nan na yarda. Wa zai ji mutum ya ambaci Harami, ya amsa tambayoyin sana'a uku ba gargada, ya nuna bidiyo, sannan ya ce masa ɓarawo? Abu ɗaya ne ban nema ba: rubutun kansa. Bidiyo na gani, ban ga harafi ko ɗaya na ABC ɗin da ke bayansa ba.

Na tura riyal 300 kafin alƙalami ranar Talata. Ko Litinin da dare ne, zan duba hoton rasit ɗin. Ya ce kwana goma. A rana ta shida ya turo fayil uku, ya ce a cika 300 ɗin da suka rage ya saki sauran bakwai. A'a, kafin nan ma ya fara turo hoton folda mai fayil goma da sunayen waƙoƙinmu a jere, shi ya sa hankalina ya kwanta. Na cika. Ya zama 600. Ban gwada ukun nan a cikin wasa ba kafin na cika, domin sai mun haɗu mu huɗu aƙalla a lokaci ɗaya ake jin yadda kaso-kaso suka hau juna, biyu daga cikinmu kuma suna aikin dare. Sai sauran bakwai ɗin suka zo a cikin zip mai kalmar sirri, wai kalmar sirrin riyal 150 ce, “kuɗin gyaran ganga” da ya ce bai sa a lissafin farko ba. Na biya, domin 600 sun riga sun tafi, kuma kuɗin mutane biyar ne a wuyana. 300, da 300, da 150. Riyal 750.

Ga abin da ke cikin fayil ɗin, ku buɗe ido sosai domin a nan za ku gane irinsa.

Fayil na ABC rubutu ne zalla, Notepad ma yana buɗe shi. A sama akwai kai: X: lambar kaso, T: sunan waƙa, M: awon kiɗa, L: tsawon sauti na asali, Q: sauri, sai K: a ƙarshe, daga nan haruffan sauti su fara. A fayil na farko ya rubuta M:4/4 alhali duk mai kunne ya san kiɗan nan tafiyar 6/8 yake yi, irin rausayar da ƙafa ke bi uku-uku. Idan ka ce M:6/8 da L:1/8, dole kowane gida, wato abin da ke tsakanin sanda da sanda (alamar |), ya ƙunshi awo shida cif. Nasa wani gidan bakwai, wani tara da rabi, wani cike da tsayi irin 11/8 da 3/16 da babu ɗan Adam da zai rubuta da hannu. Wannan alamar na'ura ce. Ya ɗauki waƙar ya cusa a manhajar da ke juya sauti zuwa MIDI, ita kuma ta kwashe muryar mawaƙi da amshi da ganga da tafi ta zuba su wuri ɗaya, shi kuma ya wuce da tarkacen ta Maestro. Maestro ba shi da laifi, masu aikin gaskiya ma da shi suke ƙarasawa. Abin da ka zuba masa shi zai fitar maka.

Wata shaidar: yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sauti biyar yake tafiya. Idan an rubuta shi daidai, haruffa biyar za ka ga suna ta dawowa a hawa daban-daban, da ɗan ado nan da can. Fayil ɗinsa kuwa duk sautuka goma sha biyun suna ciki, alamar ^ mai ɗaga sauti da alamar _ mai sauke shi ko'ina kamar an watsa gero. Dalili shi ne goge yana zamewa daga sauti zuwa sauti, kalangu ma ana matsa tsarkiyarsa muryarsa ta hau ta sauka, na'ura kuma sai ta yanka wannan zamiyar gunduwa-gunduwa ta ba kowace harafi. Mai aikin kunne zai zaɓi sautin da makaɗi ya nufa ya bar zamiyar, ko ya nuna ta da gajeren sauti ɗaya kafin babban. Kuma a ABC idan ka sa ^ a kan harafi, yana bin wannan harafin har ƙarshen gidan sai ka warware shi da =. Da alama ya ɗan taɓa fayil ɗin da hannu don ya yi kama da aiki, ya goge sanduna a wasu wurare, sai ^ ɗin ta yi ta bin sautukan da ba nata ba.

Fayil na biyu wasan ma ƙin kaɗa shi ya yi. Ka rubuta /music, ka rubuta /play da sunan fayil, sai jan rubutu. Wasan ba ya karɓar sautin da ya gaza daƙiƙa 0.06, ba ya karɓar wanda ya wuce daƙiƙa 8. A saurin 120, sauti mai tsawon 1/32 yana ɗaukar daƙiƙa 0.0625, da ƙyar ya tsallake, 1/64 kuwa ba zai shiga ba. Nasa cike yake da su. Akwai kuma wuraren da ya dunƙule sauti takwas cikin baka guda [ ] don su bugu a lokaci ɗaya, shi da bakinsa ya gaya mini iyaka shida ce! Ya san amsar, ya haddace ta don ya sayar, bai taɓa aiki da ita ba.

Na uku ya kaɗu, amma da muka haɗa ƙungiya, kowa ya sa /play da lambar kasonsa da sync, aka buga /playstart, ba a yi rabin minti ba kowa ya kama gabansa. Na ƙirga: kason Lute gida 94, kason Theorbo gida 88. Ta yaya za su ƙare tare? Q: ɗin ma ba ɗaya ba ne, wani 120 wani 112. Kason ganga kuma shi ya fi ƙona mini rai, tunda a kansa ya karɓi 150. A wasan nan kowane harafi a ganga bugu ne daban, ba hawa da sauka ba ne, kuma jerin bai yi daidai da na gangar MIDI ba, sai an zauna an daidaita. Shi kawai ya kwafi haruffan karin waƙar ya liƙa a ƙarƙashin sunan ganga. Riyal 150 a kan kwafa da liƙawa.

Sauran bakwai na cikin zip ɗin fa? Huɗu ba waƙoƙin Hausa ba ne sam. Kiɗan waje ne da ake rabawa kyauta, ya canza layin T: kawai ya sa sunan waƙarmu. Ya goge layin Z: na kaso na farko, inda ake rubuta sunan wanda ya yi aikin, amma ya manta da na kaso na biyu da na uku, sunan mai shi na nan ɓaro-ɓaro. Biyu fayil ne fanko, kai kawai babu sauti. Na bakwai ba ABC ba ne, sunansa ya ƙare da .abc.exe, wai “ɗan kunna waƙa” ne da zai gyara sauran. Kada kowa ya buɗe wannan. Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil idan ba ka kunna nunawa ba, sai ka ga .abc kawai ka danna. Fayil ɗin kiɗa na gaskiya .abc ne ko .txt, a folda Music da ke cikin foldar wasan a Documents ake ajiye shi, ba ya buƙatar a girka komai.

Na tuna wata ƙaryar da ya yi tun farko, wadda ya kamata ta tsayar da ni. Ya ce yana iya rubuta waƙoƙin Larabci masu maƙam Bayati da Rast “da rubu'in sautinsu cikakke”, riyal 80 kowace. Kayan kiɗan wasan sauti goma sha biyu suke da shi a kowane hawa, babu rubu'in sauti a cikinsu, sai dai a kusanta. Na ji wannan maganar, na ɗauka cika bakin ɗan kasuwa ne, tunda ba ita na zo saya ba. Da tambayoyi ukun da ya amsa daidai na auna shi, kuma har yanzu ina ganin duk wanda ya san harkar nan da su zai fara.

Bidiyon daƙiƙa 40 ɗin nan ma ba nasa ba ne. Wani ɗan'uwa a Madina ya gane shi, ya ce aikin wani ne da ya sa a gurup tun bara, an yanke gefen da sunan ɗan wasan yake. Da na tura masa hoton layin Z: ɗin da ya manta, sai ya ce, “Haba yaya, kuskuren turawa ne, ba ni zuwa bayan Isha.” Bayan Isha ya toshe ni. A'a, sai da ya fara neman ƙarin riyal 50 na “sake turawa” tukuna, da na ƙi ya toshe ni. Lambar da aka tura wa kuɗin ma sunan da ya fito a kanta daban yake da wanda ya gaya mini, ya ce ta ƙaninsa ce saboda matsalar iƙama. Na karɓi wannan uzurin domin mun san yadda zaman nan yake ga mutanenmu da yawa. Da wannan tausayin ya ci mu. Mutum biyar suka ba ni riyal 125 kowannensu bisa maganata, ni na ce musu na gwada shi.

Shawara gajera ce. Kada ka biya a kan bidiyo. Ka zaɓi waƙar da kanka, ka ce ya turo gida takwas na farko a rubuce, kaso biyu, ka liƙa a Notepad, ka ƙirga awon kowane gida, ka saurara a manhajar ABC Player, sannan ka gwada a wasa. Waƙa ɗaya, kuɗi ɗaya, bayan ka ji ta. Zip mai kalmar sirri ko .exe, ka fita.

Na shigar da ƙara ta manhajar Kollona Amn ta kai rahoto ga jami'an tsaron Saudiyya, na haɗa da rasit uku da lambobinsa biyu. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 ga wanda ya karɓi dukiyar mutane ta hanyar yaudara ko sunan ƙarya. Duk wanda mutumin nan ya taɓa karɓar kuɗinsa, ko riyal 20 ne, ya yi mini magana a haɗa da nasa. Hotunan hirarmu da rasit na 300 da 300 da 150 da hoton layin Z: zan sa su yau da dare in sha Allahu, ina rufe sunayen 'yan ƙungiyarmu ne tukuna. Saƙon muryar ma zan sa, domin ku ji muryar ku gane ta idan ya zo muku da sabon suna.