Laser ko katamaran: wanne mai koyo zai fara saye?

Malam, tsakanin jiragen ruwan nan biyu masu tafiya da iska da ka tambaya wanne mai koyo zai fara saye, Laser za ka saya, ƙaramin nan na mutum ɗaya. Katamaran ɗin mai jiki biyu da ake yi maka talla, bar wa mai shi kayansa tukuna.

Nawa a hannu na saye shi a nan Legas, fentinsa duk ya koɗe, amma shi ya koya min halin iska. Tsawonsa mita 4.2, gangar jikinsa wajen kilo 59, mutum biyu sun isa su kai shi ruwa. Ƙyallen da ke kama iska ɗaya ne tal, kuma duk igiyar da ka taɓa, nan take jirgin zai amsa maka. Babbar igiya, wadda ba ta barin hannunka, ita ke jawo ƙyallen ciki ko ta sake shi waje. Ka sassauta har gabansa ya fara kaɗawa, sannan ka ja kaɗan ya yi shiru. Nan ake tsayawa. Mai koyo yakan ja har iya ƙarfinsa yana zaton gudu ne, alhali shaƙe jirgin yake yi. Na yi wata guda a haka ana wuce ni.

Sauran igiyoyin uku tumbin ƙyallen suke gyarawa. Awuthol na jan gindinsa zuwa ƙarshen sandar kwance da ke riƙe ƙasan ƙyallen. Ka sake ta, tumbi ya fito, ka samu ƙarfi a irin iskar nan mai lalaci ta lokacin hunturu. Ka ɗaure ta, ƙyallen ya shafe. Bang kuwa ita ce igiyar da ta karkace daga gindin sandar tsaye mai ɗauke da ƙyallen zuwa ta kwance, tana hana ta kwancen ɗagawa sama. In ka ɗaure ta tamau sandar na yin ƙasa sosai, to ka duƙa da kyau wajen juyawa. Ƙeyata ta shaida.

Wadda na fi ƙauna kaningam ce, mai jan gaban ƙyallen ƙasa, sunan Briggs Cunningham ta ci, Ba'amurken da ya lashe kofin Amurka na tseren jiragen ruwa a 1958. Wata la'asar kusa da Tarkwa Bay, a bakin tekun Legas, iska ta taso min, jirgi ya karkace, na rataye a gefe har cinyoyina na rawa, ruwa na shiga min hanci. Wani dattijo ya zo wucewa a nasa, ya daka min tsawa in ja kaningam. Ina ja, saman ƙyallen ya buɗe ya zubar da rarar iskar, jirgin ya miƙe kamar dokin da aka ja wa linzami. Ranar na daina yi wa ƙananan igiyoyin nan kallon ado.

Ƙyallensa girma uku ne, yanzu ILCA 7, 6 da 4 ake ce musu, daga babba zuwa ƙarami; ILCA gajeren sunan ƙungiyar masu tsere da Laser ne. In ba ka da jiki sosai, ɗauki 6, kada girman kai ya kai ka ga 7. Kuma tun 1996 ake tsere da shi a gasar Olamfik, don haka kayan gyaransa ba ɓoyayyu ba ne.

Katamaran kam yana da gudu, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi na fara saye: kullum neman abokin hawa, wajen juyawa ya tsaya cak fuskarsa a iska, ranar da ya kife kuma na kasa tayar da shi ni kaɗai. Da faɗuwa na sayar.

In Laser na hannu za ka saya, ka yi hattara da masu cewa "sau biyu kawai aka hau shi". Tafi da gorar ruwa, ka cika ramin da sandar tsaye ke zama, ka ja mai shi da hira na ɗan lokaci. In ruwan ya ragu, ramin ya tsage, ka kama hanyarka. Danna saman jirgin da tafin hannu, kada ya lotsa. Ƙyallen ma ka sa a warware maka shi gaba ɗaya. In ya yi laushi kamar tsohon zani, cire kuɗin sabo daga farashin kafin ku fara ciniki.