Halshen saniya, tafasa ko yaɗiya: wanne za ki saya?

Da zarar damina ta kankama a Sakkwato, daga watan Yuli zuwa Satumba, ganyen daji kan cika Kasuwar Daji da bakin unguwanni. Masu talla na zuwa da tafasa, yaɗiya da gasaya, wani lokaci kuma da halshen saniya, wanda mutanen Kano ke kira harshen saniya. Shi ne aka fi rainawa saboda yana fitowa ko'ina ba tare da an shuka shi ba, kuma ni shi nake fara nema.

Ga yadda za ki gane shi. Yana shimfiɗe a ƙasa, karansa ja-ja ne mai santsi, ganyensa ƙanana masu kauri cike da ruwa, furensa rawaya. Wannan ruwan da yake ɓoyewa a jikinsa shi ke sa ya jure zafin ƙasarmu. Kafin ki biya, ki karya kara ɗaya. Idan ruwa mai haske ya fito, shi ne. Idan farin ƙaro kamar madara ya fito, to dangin nonon kurciya ne suka shiga cikin kashin, kada ki kai shi tukunya.

Abu na biyu, ki tambayi mai sayarwa inda aka tsinko shi. Don Allah kada ki ji nauyin wannan tambaya. Ganyen na son bakin kwata da kan juji, kuma a kwance yake, duk abin da ya gudana ta wurin yana taɓa shi. Wanda aka cire tsakanin kunyoyin lambu a fadama, irin ta Kwalkwalawa, ya fi kwanciyar hankali, muddin ba a yi feshin magani kwanan nan ba. Na safe ya fi tsami, na yamma ya fi laushin ɗanɗano. Wanda ya yi fure ya fara zubar da baƙin iri ya tsufa, ki nemi mai ɗanyen kai.

A kwaɗo ba ya wahalarwa. Tafasowa ɗaya a ruwa ta ishe shi, sai ƙuli-ƙuli, albasa da ɗan yaji. Yana da ɗan yauƙi, don haka yana shiga miya ma. Yana ɗauke da omega-3, wani irin mai da jiki ke buƙata, wanda ba kasafai ake samunsa da yawa a ganye ba. Amma yana da sinadarin da ke haɗa tsakuwar ƙoda, saboda haka mai wannan lalura ya yi nesa da shi ko ya tuntuɓi likita.

Inda ya gaza shi ne ajiya. Ruwan jikinsa ba ya barinsa ya bushe da wuri, kwana biyu a leda sai ya fara lalacewa. Idan tanadin rani kike yi, busasshiyar tafasa ko zogale za ki auna. Yaɗiya da gasaya suna da ɗaci, sai an dafa an zubar da ruwan farko, ga cin itace, amma suna da auki idan gidan da yawa.



Halshen saniya kaɗan za ki saya, daidai cin yini, ki wanke shi sau da yawa saboda rairayi na maƙalewa a gindin ganyen.