Daga Galaxy S21 zuwa S25: Inda Saurin Ya Bayyana da Inda Ban Gan Shi Ba

Galaxy S25 ta fi S21 sauri nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya dame ni kafin in sauya shi ne ko wannan saurin zai kai ga hannuna, ko kuwa a takardar talla kaɗai zai tsaya. Yanzu da na riƙe S25 na tsawon lokacin da ɗokin sabon abu ya wuce, zan iya faɗin abin da na gani ba tare da zuzutawa ba.

S21 ta fito a watan Janairun 2021. Irin wadda na riƙe tana ɗauke da ƙwaƙwalwar Exynos 2100, wadda aka sa wa wayoyin da aka kai yawancin ƙasashe, yayin da na Amurka da Sin suka samu Snapdragon 888. RAM ɗinta, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe, gigabait 8 ne, batirinta 4,000mAh. S25 kuwa ta shiga kasuwa a farkon 2025, kuma a wannan karon Samsung bai raba ƙafa ba: ko'ina aka sayar da ita Snapdragon 8 Elite ce a ciki, RAM gigabait 12. Girman fuska ɗaya ne, inci 6.2. Batiri ma lambar ba ta canja ba, 4,000mAh. Idan aka gwada su a manhajar gwajin sauri ta Geekbench, makin S25 ya ninka na S21, a gwajin da ake sa dukkan sassan ƙwaƙwalwar aiki tare kuwa ya zarce ninki biyu. Wannan lambar ce ta fi jan mutane, kuma ita ce ta fi ƙarancin gaya wa mutum yadda ranarsa za ta kasance da wayar.

Na ajiye wayoyin biyu gefe da gefe ina buɗe abubuwan da nake yi kullum: WhatsApp, imel, burawuza, manhajar banki, YouTube. S25 ce ke riga buɗewa, amma da ɗan abin da sai an zuba ido za a lura. Da a ce wayar ɗaya ce a hannuna, ba tare da ɗayar a gefe ba, ba zan iya rantsuwa cewa na ji bambanci ba. Dalilin a fili yake. Waɗannan manhajojin ba sa neman ko rabin ƙarfin da S21 take da shi, kuma yawancin jiran da mutum yake yi a cikinsu jiran intanet ne. Saƙon da ya maƙale yana juyawa, bidiyon da ya tsaya a tsakiya, shafin banki da ya ƙi buɗewa, duk ba sa warkewa don an sauya waya. Ga kuma fuskar: dukkansu 120Hz ne, wato suna sabunta hoto sau 120 a sakan, don haka santsin da ake ji idan ana jan shafi sama da ƙasa, wanda shi ne mutane da yawa ke kira sauri, S21 ta riga ta ba ni shi tun 2021. Wanda zai taso daga waya mai 60Hz shi ne zai sha mamaki, ni ban sha ba.

Inda na fara ganin amfanin sauyin shi ne wajen tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan. Aikina yana sa in riƙa karanta takarda a burawuza, in koma in rubuta amsa, in duba taswira, in ɗauki hoto in tura, sannan in dawo kan takardar. A waya mai gigabait 8, da zarar na buɗe kyamara, sau da yawa idan na dawo sai in tarar shafin ya fara lodi daga farko, wurin da na tsaya ya ɓace. Abin da ke faruwa shi ne Android yana rufe manhajojin da ke baya idan RAM ya cika, kyamara kuwa tana cin RAM sosai. Manhajojin 2025 sun fi na 2021 nauyi, RAM ɗin kuma yana nan yadda aka ƙera shi. Akwai tsarin RAM Plus da ke aron wuri daga ma'adanar waya, yana ɗan taimakawa, amma ma'adana ba ta kai RAM na gaske sauri ba. A S25 ina barin rubutu a tsakiya da safe, in dawo da rana in same shi inda na bar shi. Wannan ƙarin gigabait 4 ɗin ya fi yi mini amfani a kullum fiye da duk ƙarin saurin ƙwaƙwalwar, kuma ba a cika yi masa talla ba.

Na biyu, kuma wanda ya fi girma a wurina, shi ne zafi. Ƙwaƙwalwar yawancin wayoyi ba ta da fanka. Idan ta yi aiki mai nauyi ta ɗau zafi, dole ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, kuma kowace waya haka take. Don haka saurin da ya kamata a tambaya shi ne wanda waya za ta iya riƙewa bayan minti ashirin tana aiki, ba na sakan talatin na farko ba. Exynos 2100 da Snapdragon 888 duka an ƙera su a fasahar nanomita 5 (ƙaramar lamba na nufin fasaha mafi sabunta), kuma an san ƙwaƙwalen shekarar 2021 da saurin ɗumama. Snapdragon 8 Elite kamfanin TSMC ne ya ƙera ta a nanomita 3, tana yin aiki iri ɗaya da wuta kaɗan. Abin da hakan ke nufi a hannu shi ne kiran bidiyo mai tsawo, ko bin taswira a mota fuska na kunne ana caji, ko ɗaukar bidiyon 4K, S25 tana yin su bayanta da ɗan ɗumi kawai. Ba wai ba ta zafi ba. Ƙaramar waya ce, siririya, wurin da zafi zai bazu kaɗan ne, idan aka ɗora mata wasa mai nauyi irin Genshin Impact aka ƙure saitinsa, za ta yi zafi kuma za ta ja baya. Sai dai ko bayan ta ja bayan, inda take tsayawa ya fi ƙololuwar S21.

A kan wannan batu akwai abin da bai kamata a manta ba. A watan Maris na 2022 aka gano cewa tsarin Game Optimizing Service da ke cikin wayoyin Galaxy yana rage wa wasanni gudu don hana zafi, amma ba ya taɓa manhajojin gwajin sauri. Geekbench ya cire S22 da S21 da S20 da S10 daga jerinsa saboda haka, daga baya Samsung ya fitar da sabuntawa da ke bai wa mai waya zaɓi. Tun daga lokacin na daina ɗaukar makin gwaji a matsayin hujja ita kaɗai, daga kowane kamfani ya fito.

Haɗa bidiyo shi ne wurin da ninkin da ake faɗa ya fito ƙarara. Yanka bidiyon 4K a CapCut, a sa masa rubutu, a fitar da shi, aiki ne da a da nake ajiye waya in tashi in yi wani abu kafin ya gama. Yanzu ina zaune yake ƙarewa. Kyamara ma tana buɗewa nan take, hoton dare ba ya sa in daɗe riƙe da hannu a sandare. Mai sana'ar bidiyo ko mai wasanni da gaske zai mori abin da ya saya tun ranar farko. Wanda bai taɓa fitar da bidiyo daga wayarsa ba kuwa, wannan ƙarfin zai zauna ne a aljihunsa ba tare da ya taɓa taɓa shi ba, kamar wanda ya sayi babbar mota don zuwa ƙarshen layi.

Batiri ya fi daɗewa a S25, kuma da tazara mai kyau, ina wuni da ita ba na neman caja. Amma a nan dole a yi adalci, domin gwada sabon batiri da wanda ya shekara huɗu ana caji ba gwaji ba ne. Batirin lithiyom yana raguwa da kowane zagayen caji. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, wanda mai yin caji kullum zai cinye cikin ƙasa da shekara biyu. A Disambar 2017 ma kamfanin ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone idan batirinsu ya gaji, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Wato gajiyar batiri tana iya fitowa a siffar nauyin waya. Wani ɓangare na ribar S25 nata ne na kanta: ƙwaƙwalwa mai tsimin wuta, da fuskar da ke iya sauka har 1Hz idan ba a taɓa ta, alhali ta S21 ba ta sauka ƙasa da 48Hz. Sauran ribar kuwa ta sabon batiri ce, kuma ana iya sa wa tsohuwar waya sabon batiri.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda wayarsa ta yi nauyi ya yi abu biyu kafin ya yanke shawara. Ya duba lafiyar batirin, a Galaxy ana ganin wannan a sashen gwaje-gwaje na manhajar Samsung Members. Sannan ya duba ma'adana. Ma'adanar da ta kusa cika tana rage saurin rubuta bayanai, wayar sai ta riƙa cijewa a wuraren da ba ta saba ba. Kafin in miƙa S21 ga ƙanena na kwashe hotuna da bidiyon da suka taru a WhatsApp, na mayar da ita saitin masana'anta, aka canja mata batiri. Ta dawo da kuzarin da ya isa ya riƙe ta ba ƙorafi, ga karatu ga kallo ga hira. RAM ɗinta bai ƙaru ba, ɗuminta a aiki mai nauyi yana nan, amma nauyin yau da kullum ya tafi.

Akwai wuraren da S25 ba ta gamsar da ni ba, kuma ba zan rufe su ba. Caji har yanzu watt 25 ne, daidai da na S21, shekara huɗu ba a ƙara komai ba, alhali wasu kamfanonin sun daɗe da wuce watt 60. Babu kan caja a kwali, babu gurbin memori, don haka girman ma'adanar da mutum ya zaɓa ranar saye shi zai zauna da shi, kuma ina ganin gigabait 128 ya yi kaɗan ga wayar da ake so ta shekara da yawa. Kyamarorin baya, megafiksel 50 da 12 da 10 mai zuƙowa sau uku, lambobinsu ɗaya da na S23 da S24. Daga S21 ci gaba ne na gaske, musamman zuƙowa da hoton dare, amma daga S23 sai an ƙura ido. Abubuwan Galaxy AI da aka cika talla da su, kaɗan ne suka zauna a hannuna. Goge hayaniya daga sautin bidiyo yana aiki, ina amfani da shi. Circle to Search, wato zagaye abu a fuska don a bincika shi, ma yana da daɗi, sai dai S21 ta riga ta same shi ta hanyar sabuntawa, ba dalilin sauya waya ba ne.

Abin da ya ƙarasa karkato da ni ba sauri ba ne kai tsaye, sabuntawa ce. S21 ta fito da Android 11, an yi mata alkawarin manyan sabuntawa huɗu, wanda ya kai ta Android 15, da shekara biyar na gyaran tsaro, wato lissafinta ya ƙare a farkon 2026. Wayar da nake shiga banki da ita, take ɗauke da imel da lambobin sirrina, ba na so ta zauna ba a toshe mata ɓaraka. S25 an yi mata alkawarin shekara bakwai na Android da na tsaro. A nan ne rarar ƙarfin take da ma'ana: abin da ya yi mini yawa yau shi ne zai ɗauki manhajojin 2030, waɗanda za su fi na yanzu nauyi kamar yadda na yanzu suka fi na 2021.

Mai S21, ko wata waya ta wancan zamanin, wanda ke haɗa bidiyo, ko wasa, ko yawan tsalle tsakanin manhajoji, ko kuma sabuntawar tsaronsa ta zo ƙarshe, ya sauya, zai ji bambancin a hannunsa. Mai S22 ma yana da hujja, domin batirinta 3,700mAh ne kuma ƙwaƙwalen shekarar 2022 ba su rabu da matsalar zafi ba. Mai S23 kuwa ban ga abin da zai kai shi ba. Snapdragon 8 Gen 2 da ke cikinta ba ta da yawan zafi, tana da tsimin wuta, kyamarorin kusan ɗaya ne, kuma tana da sauran shekarun sabuntawa a gaba. Abin da zai samu shi ne ƙarin RAM da maki mafi girma a gwaji. Mai S24 ma ya riƙe abinsa, ita ma shekara bakwai aka yi mata alkawari, idan batirin ya gaji nan gaba ya canja shi.